Kafin Yaro Ya Hau Jirgi: Shawarwari ga Gidan da Zai Tura Ɗalibi Karatu Waje

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun bi ta Barno da Wadai da Darfur, a ƙafa da kan raƙumi, wasu suka tsaya a Sudan, wasu suka kai Azhar, wasu Makka da Madina. Tafiyar yau kuwa ta takardu ce da dalar Amurka, kuma kuskure ɗaya da aka yi a gida kafin tashi yakan bi yaro shekara huɗu ko shida. Yawancin wahalar da 'ya'yanmu ke sha a Alƙahira ko Istanbul ko Landan daga nan ta samo asali, ranar da aka yi gaggawar biyan kuɗi don kada a ce ɗan wane ya riga namu tafiya. Saboda haka waɗannan shawarwari na iyaye ne da yayye da kawunnai, duk wanda zai sa hannu a aljihu, kafin su zama na ɗalibin.

1. Ku fara tambaya: idan ya dawo, takardar za ta yi aiki?

Wannan ita ce tambayar farko, amma ita ake bari sai ƙarshe. A watan Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga rahoton wakilinta da ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai shiga aji ba ko sau ɗaya, har ya yi rajistar bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairu 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Abin takaicin shi ne hukuncin ya haɗa har da yaran da suka zauna suka yi karatunsu tsakani da Allah, waɗanda iyayensu suka sayar da gona suka biya. Don haka kafin ko kwabo ya fita, a tuntuɓi sashen tantance takardun waje na Ma'aikatar Ilimi a Abuja a ji matsayin makarantar, a kuma duba ko hukumar ilimi ta ita ƙasar kanta ta san da zamanta. Mutanen Nijar su tambaya a ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai, su kuma duba ko CAMES ta amince da fannin.

Fannonin da ke da hukumar ba da lasisi sun fi buƙatar wannan bincike. Wanda ya karanta likitanci a waje ba zai taɓa mara lafiya a Najeriya ba sai ya ci jarabawar hukumar likitoci ta MDCN, kuma masu faɗuwa a cikinta ba kaɗan ba ne. Dalili ɗaya shi ne a wasu makarantun ɗalibin waje yana gama shekarunsa bai duba marasa lafiya yadda ya kamata ba, saboda a aji ana koyarwa da Turanci, a asibiti kuma majinyaci Rashanci ko Sinanci yake ji. Ku tambayi wanda ke shekara ta biyar a can: kana shiga ɗakin marasa lafiya? Kana jin abin da suke faɗa? Amsarsa ta fi duk hotunan da ke shafin makarantar. Haka mai karatun lauya, sai ya dawo ya yi wani zango na musamman a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da waɗanda suka yi digiri a gida. Wanda ya karanta Shari'a a Madina ko Azhar ya samu ilimi mai daraja, sai dai wannan digiri kaɗai ba ya mai da shi lauya a kotunan Najeriya, kuma gara ya san haka tun yana aji ɗaya.

Sannan kada a yar da tsohon fasfo ko da ya ƙare aiki. Hukumar bautar ƙasa, NYSC, na neman ganin bizar karatu da hatimin fita da na dawowa kafin ta yarda cewa yaro ya zauna a ƙasar da ya ce.

2. Ku lissafa kuɗin shekarar ƙarshe kafin ku biya na farko.

A farkon watan Yuni na 2023 dalar Amurka a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Da aka saki naira a tsakiyar watan, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dalar ta haura naira 1,500. Uban da ke biyan dala 5,000 a shekara, wanda ya saba fitar da naira miliyan 2.3, sai ga shi ana neman miliyan 7.5 a hannunsa, albashinsa kuma yana nan inda yake. A watan Mayu na 2024 labari ya bazu cewa an dakatar da wasu 'yan Najeriya daga karatu a jami'ar Teesside ta Ingila saboda sun kasa cika kuɗin makaranta, har hukumar shige da fice ta ce su bar ƙasar. Wasunsu saura kaɗan su gama.

Ku zauna da takarda da biro. Ku rubuta kuɗin makaranta na dukan shekarun da kuɗin ƙasar da za a biya, ba da naira ba. Ku ƙara haya, abinci, inshorar lafiya, sabunta izinin zama duk shekara, kuɗin mota, littattafai, da tikitin dawowa gida. Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, tun watan Satumba na 2024 take neman ɗalibi ya kulle yuro 11,904 a asusu na musamman don ci da sha da haya na shekara guda. Ke nan karatu kyauta ma ba zama kyauta ba ne. Mutanen Nijar suna da ɗan sauƙi ta wannan fuska, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan kusan 656, amma haya da abinci ba sa raga wa kowa.

Bayan lissafi sai tambaya mai nauyi, wadda kunya kan hana a yi: wa zai biya? Idan Alhaji ya yi ritaya, ko kasuwa ta juya baya, ko ta Allah ta kasance, wa zai ɗauka? A tara 'yan'uwa a yi maganar a fili. Kawun da ya ce "ku tura shi kawai, muna nan" a tambaye shi cikin ladabi nawa zai iya bayarwa, kuma a wane wata. In da hali, kuɗin shekara mai zuwa ya kasance a ajiye a asusun dala, ko a cikin abin da farashinsa ke tashi tare da kasuwa, kamar zinari ko dabbobi. Kuma kada a sa aikin da yaro zai samu a can cikin lissafin kuɗin makaranta. A Ingila awa 20 kacal doka ta yarda ɗalibin digiri ya yi aiki a mako lokacin karatu, abin da da ƙyar yake rufe haya da abinci. A ƙasashe da dama bizar karatu ba ta ba da damar aiki sam.

A ganina, idan lissafin bai kai ƙarshe ba, digirin farko a Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdou Moumouni, sannan a nemi tallafin digiri na biyu a waje, ya fi a tura yaro ya dawo a aji uku hannu rabbana.

3. Ejan ɗan kasuwa ne, ku ɗauke shi a haka.

Akwai na kirki a cikinsu, amma ko na kirkin yawanci yana da kamasho a kan kowane ɗalibi da ya kai, don haka makarantar da zai yaba muku ita ce mai biyansa. Takardar gurbin karatu da ya kawo, ku aika wa makarantar da kanku ta adireshin da ke shafinta na intanet ku tabbatar daga gare su ta fito. Kuɗin makaranta ya tafi asusun makaranta ta banki, da rasit mai sunan yaron. Wanda ya ce a tura asusunsa shi zai miƙa, a ba shi haƙuri.

Ku yi hattara da kalmar "tallafi". A wasu jami'o'in kuɗi, ragin kashi 50 cikin ɗari kusan kowane ɗalibin waje ake ba shi, farashin ne aka ɗaga aka sauke. Arewacin Cyprus misali ne da ya kamata kowane gida ya sani: Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, kuma a 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM, ta gargaɗi iyaye game da tura yara can bayan mutuwar wasu ɗalibai. Wanda ya zaɓi zuwa duk da haka, ya je da saninsa.

4. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, a kowace takarda.

Wannan matsala tamu ce ta musamman. A firamare an rubuta Mamman, a WAEC Mohammed, a NIN Muhammad. A sakandare an liƙa masa sunan garinsu a ƙarshe, a banki kuma sunan kakansa ne. Takardar haihuwa ta ce Maris, takardar rantsuwar kotu ta ce 1 ga Janairu. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in biza kuwa mutum uku yake gani, sai ya ture fayil ɗin gefe.

Ku baje takardun duka a kan tabarma ku bi su harafi bayan harafi. Fasfon Najeriya daga bayanan NIN yake ɗauka, saboda haka gyara daga ofishin NIMC yake farawa, kuma yana cin lokaci. A fara wata shida kafin lokacin nema. Fasfo iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma. Mai zuwa likitanci ya ɗauki na goma, don sabunta fasfo a waje wahala ce, wani lokaci ofishin jakadanci yana wani gari mai nisa ko ma wata ƙasa.

Ƙasashe da yawa, musamman na Larabawa da gabashin Turai, suna son a buga wa sakamakon WAEC ko NECO hatimin Ma'aikatar Ilimi, sannan na Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan na ofishin jakadancinsu, a jere haka, wasu kuma har da fassara. Mai neman digiri na biyu ya nemi cikakken sakamakonsa daga jami'a da wuri, don yakan ɗauki watanni. Idan komai ya haɗu, a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye a imel, a bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ba ya ɓatar da abu.

5. Tallafin gaskiya ba a sayensa.

Chevening na Birtaniya ana buɗe shi wajen Agusta, na digiri na biyu ne, kuma yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Tallafin gwamnatin Turkiyya ana nemansa tsakanin Janairu da Fabrairu, ya haɗa da shekara guda ta koyon harshensu. Akwai na Hungary, da DAAD na Jamus, da Commonwealth, da PTDF, da guraben Jami'ar Musulunci ta Madina. Duka ta intanet ake nema, ba a biyan kowa. Mai cewa yana da hanya a ciki, kuɗinku yake so.

Ko an samu na gwamnati, a ajiye wani abu a gefe. Jihohi na turawa, kamar yadda Kano ta sanar a 2023 cewa za ta tura ɗalibai 1,001 digiri na biyu, akasari Indiya da Uganda. Amma gwamnati kan canza, alawus kan makara. Ɗaliban da ke ƙarƙashin shirin musayar tallafi na gwamnatin tarayya a Rasha da Maroko da Aljeriya sun yi watanni suna kukan rashin alawus, a 2025 kuma aka sanar da daina tura sababbi.

6. A neman biza, gaskiya kawai.

Takardar banki ta bogi tana iya jawo wa yaro haramcin shiga Birtaniya har na shekara goma. Dokarsu ita ce kuɗin da za a nuna ya kwana 28 a jere a asusu bai ragu ba. Tun Janairun 2024 kuma yawancin masu digiri na biyu ba sa iya tafiya da iyali. Dokokin nan suna canzawa a kai a kai, don haka a karanta su a shafin ofishin jakadanci a makon da za a nema. Kada a sayi tikiti kafin biza ta fito.

7. Lafiya.

A yi allurar shawara a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa daga jami'an lafiya na filin jirgi, aƙalla kwana goma kafin tafiya, don sai bayan kwana goma yake fara aiki. Birtaniya na neman gwajin tarin fuka daga asibitin da ita ta amince da shi. A duba haƙori da ido a gida, can tsada gare su kuma inshorar ɗalibai ba kasafai take ɗaukarsu ba.

Yaro mai sikila a yi dogon tunani kafin a kai shi ƙasar sanyi, domin sanyi na tayar da ciwon. In ya zama dole, ya tafi da rahoton likitansa, a kuma san asibitin da zai riƙa zuwa tun kafin ya sauka. Kowane ɗalibi kuma a ja masa kunne: in ya yi zazzaɓi a watannin farko, ya gaya wa likita daga ƙasar sauro ya zo. Likitan da bai saba ganin zazzaɓin cizon sauro ba zai iya ɗauka mura ce, jinkirin kwana biyu kuwa kan kai mutum ga halaka.

8. Ku koya masa riƙe kansa tun yana gabanku.

Yaro ɗan shekara sha bakwai, an saba ajiye masa abinci a kula, ƙanwarsa ke masa wanki, bai taɓa riƙe kuɗin wata guda ba. Ranar da ya buɗe ƙofar ɗakinsa a Alƙahira da daddare, ga katifa ba zanen gado, ga risho ba ashana, ga mai gadi na yi masa Larabcin da bai yi kama da na Islamiyya ba, a wannan daren ne za a gane ko an shirya shi. Wata uku kafin tafiya, Hajiya ta sa shi a kicin. Ya iya shinkafa da wake, taliya, miyar kuka, tuwon semo, ya san yadda ake raba nama a ajiye a firji. Ya wanke kayansa ya goge. A ba shi kuɗin wata a dunƙule, a zuba ido a ga ko zai kai talatin. In ya ƙare ranar goma, gara ya ƙare a nan inda akwai tukunyar gida.

Ya fara koyon harshen ƙasar, ko da gaisuwa ce da ƙirga da tambayar hanya. Ya zauna da malami a kan hukuncin sallar matafiyi da abincin da ya halatta. A Landan cikin Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna shigowa cikin awa huɗu, daidai lokacin darasi. Wanda bai shirya wa wannan ba, tun makon farko sallarsa za ta fara tarar masa.

Akwai kuma abin da ke kayar da yaranmu masu ƙoƙari ba da niyyarsu ba. Mun saba ɗalibi ya haddace abin da ke littafi ya mayar, a yaba masa. A jami'o'in waje kwafo maganar wani ba tare da faɗin mai ita ba sata ce, suna da manhajar da ke gano ta, kuma hukuncinta na iya kaiwa ga kora. A nemi wanda ya yi karatu a can ya nuna masa yadda ake rubutun bincike.

9. Kaya, da maganar saƙo.

Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da garin kunu suna da amfani kuma ba su da nauyi. A ɗaure su da kyau, a rubuta sunansu, in an tambaya a filin jirgi ya nuna. Kilishi da dambun nama ba a shiga da su Birtaniya ko Tarayyar Turai ko Amurka. Goro haramun ne a shiga da shi Saudiyya. Tramadol da maganin tari mai kodin suna kai mutum kurkuku a Masar da ƙasashen Larabawa da dama, don haka duk maganin da zai ɗauka ya kasance cikin kwalinsa da takardar likita. Rigar sanyi mai kauri a can ake saye, ta kasuwarmu ba ta tare sanyin ƙanƙara.

Saƙon da ba a buɗe a gabanku ba, ba ya shiga jakar yaro, ko na wane ne. Iyaye su ɗauke masa nauyin faɗin a'a, don shi ba zai iya musa wa babba ba. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 ba, bayan wasu sun liƙa sunanta a jakar ƙwayoyi a filin jirgi ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Ya ɗauki hoton jakunkunansa a wurin awo, ya ƙirga 'yan takardun da aka manna masa a tikiti, ya tabbatar adadinsu daidai yake da jakunkunansa.

10. Makonnin farko, da shirin ko-ta-kwana.

Biza ta shiga ce, zama kuma sai da izini. A Indiya mai bizar dogon karatu dole ya yi rajista da ofishin baƙi cikin kwana 14 da sauka. A Masar akwai iƙama, a Turkiyya ma akwai katin zama, kowanne da ranar ƙarewarsa da tararsa. A rubuta ranar a gida ma, a riƙa tuna masa. Ya kai sunansa ofishin jakadanci, ya shiga ƙungiyar ɗaliban ƙasarsa. Fasfonsa kuma ya zauna a hannunsa, kada ya bar wa ejan ko mai gidan haya.

Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartoum inda dubban 'ya'yanmu ke karatu. Aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, wasu suka yi kwanaki a hamada suna jiran a buɗe musu hanya. Shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2022, irin haka ta faru da ɗalibanmu a Ukraine. Da yawa sun tsira da rai amma ba su da takardar da ke nuna ajin da suka kai, sai neman wata jami'ar ya zama sabon tashin hankali. Don haka duk ƙarshen shekara ya karɓi sakamakonsa mai hatimi ya turo hotonsa gida. Ya ajiye 'yan daloli a hannu waɗanda ba a taɓawa, domin ranar da rikici ya tashi banki da intanet ke fara tsayawa.

11. Bayan ya tafi, aikinku bai ƙare ba.

A sa ranar waya tsayayya a mako, kuma kada hirar ta tsaya a "yaya karatu" da "lafiya lau". A tambaye shi me ya ci jiya, da wa yake kwana a ɗaki, ya je Juma'a, wane darasi ke ba shi wuya. Kaɗaici da duhun hunturu suna taɓa zuciya, yaranmu kuma ba su saba faɗa ba. Wanda ya daina ɗaukar waya, ko ya yini a kwance, ba lallai taurin kai ba ne, wataƙila likita yake buƙata, kuma yawancin jami'o'i suna da masu ba da shawara kyauta. In ya faɗi jarabawa, ya san zai iya gaya muku. Yaron da ke tsoron faɗa shi ne ke ɓoye kora shekara biyu yana karɓar kuɗin makaranta.

'Ya mace a tabbatar da masaukinta kafin ta tashi, ɗakin kwanan makaranta ya fi a shekarar farko, a kuma san wa zai tarbe ta a filin jirgi da sunansa da lambarsa. Ku samu lambar mutum biyu da ke ganin ɗanku ko 'yarku ido da ido, ɗaya ɗalibi, ɗaya babba mai iyali.

Dangi kuma a gaya musu ɗalibi ne, ba ɗan ci-rani ba. A daina aika masa buƙatar waya da kuɗin biki. Wanda aka matsa wa ya turo kuɗi gida yakan wuce awannin aikin da doka ta ba shi, in kuma aka kama shi, bizarsa ce za a soke.